Ina Karatun Yaya Ya Shiga?

Yayata malamar firamare ce a Arkilla, a Sakkwato. Ta haura shekara 40, tana da 'ya'ya biyar da takardar NCE da ta daɗe a ƙasan akwati. Ta shiga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, don ta cike digiri ba tare da ta ajiye alli ba. A tsarin jami'ar kowane kwas maki 100 ne: 30 na aikin gida da ake kira TMA, wanda ake yi ta intanet kashi uku, sai 70 na jarrabawar ƙarshen zango. Mai 40 ya tsallake.

Takardu biyu ta miƙo mini da sakamakon zangon farko ya fito. Ta farko ta nuna babu kwas ɗin da ta yi ƙasa da 27 a aikin gida. Ta biyu ta nuna ta faɗi kwas uku. Lissafin ba ya buƙatar alƙalami: mai 27 a hannu da ya kasa kai 40 bai samu ko 13 cikin 70 ba. Ta yaya wadda ta kusa cinye aikin gida za ta shiga ɗakin jarrabawa ta fito haka?

Kowa a gida da tasa fassarar. Maigidanta ya ce hidima ce ta yi mata yawa: makaranta da safe, girki, yara, ga biki ga gaisuwar mutuwa. Wannan shi ne abin da aka saba ɗora wa duk babban da ya koma karatu, kuma na san ba shi ba ne. Kullum bayan sallar asuba, kafin tirelolin siminti su fara ruri a hanyar Kalambaina, tana zaune bakin ƙofar ɗaki da fitilar sola, har cikin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke hana mutum barci balle karatu. Na ga takardunta. Kowane shafi ya sha jan biro, gefensa cike da bayanin da ta yi wa kanta da Hausa.

Babban ɗanta ya ce matsalar sabis ce da rashin wuta. Wannan ma bai shiga ba, domin jarrabawar ba a gida ake yin ta ba. A cibiyar da jami'a ta tsara ake zama, gaban kwamfuta, da masu sa ido. Sai na koma kan abin da ke kayar da sababbin ɗalibai da dama: rajistar kwas daban, rajistar jarrabawa daban, kowace da kuɗinta. Wanda ya yi ɗaya ya manta ɗaya ya yi aikin banza. Muka zazzage jakarta. Ga shaidar biya ta Remita, ga takardar rajistar jarrabawa, kwasa-kwasan duk sun cika.

Tun da ƙaramin makin ya ƙi bayyana kansa, na juya kan babban. Na ce ta tuna mini tambaya ɗaya daga aikin gidan da ta ci 29.

"Mi kaka nuhi, Auta?" in ji ta. "Wanga aiki ai yaron kahe ka yi min shi. Kuɗɗi nika ba shi, shi gama komi."

"Yaya, lambar sirrinki fa?"

"Tana wurinai."

Ashe tun ranar da ta cike fom ba ta taɓa buɗe shafinta na ɗalibi da hannunta ba. Wani saurayi mai shagon intanet ne ya yi mata rajista, ya zaɓa mata lambar sirri, ya rubuta a wani littafi mai bangon kwali tare da na wasu. Da na je, bai ɓoye mini komai ba, don bai ga laifi a ciki ba. Idan aka buɗe TMA, sai ya ɗebo amsoshi daga zaurukan WhatsApp inda ake yawo da su, ya cike wa kowa. A ganinsa taimako yake yi, ita kuma a ganinta aikin gida wani cike-cike ne irin na ofis, ba karatu ba. Makin 27 da 29 dai ba nata ba ne.

Rabin tambayar ke nan. An gano inda babban maki ya fito, amma karatun asuba fa, ina ya shiga?

Na karɓi takardun da take bita na ƙirga: wani kwas shafi 18, wani 22. Sannan na sauke ainihin littafin kwas ɗin daga shafin jami'ar, inda ake ajiye su kyauta ga mai so. Littafi ne cikakke, an kasa shi babi-babi, kowane darasi da manufarsa a farko da tambayoyin gwada kai a ciki. Abin da ke hannun Yaya taƙaitawa ce da wani ya yi, aka yi ta fotokwafi ana sayarwa a shagon nan. Wasu darussan ko sunansu babu. Ta haddace abin da aka ba ta tsaf, sai dai abin da aka ba ta ɗan tsakure ne. Da ita ta zauna ta yi aikin gida, da tun makon farko ta ci karo da tambayoyin da babu amsarsu a takardunta, ta gane akwai giɓi. Amfanin TMA ke nan, kuma shi ta biya kuɗi aka ɗauke mata.

Duk da haka raina bai kwanta ba. Ko da tsakuren, mai ƙwazo irin nata ya kamata ta tsinci 13. Na aro kwamfutar tafi-da-gidanka, na buɗe tambayoyi goma daga abin da na tabbata ta sani, na ce ta amsa. A nan na ga abin da babu takardar da za ta nuna mini. Ta kama linzamin da 'yan yatsu biyu kamar mai ɗaukar garwashi, kibiyar na yawo a allo ta ƙi tsayawa kan amsa. Da ta zo tambayar da ake cike gurbi da rubutu, sai ta sunkuya tana neman haruffa ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Ta san amsar, ta faɗa mini ma'anarta da Hausa ba gargada, amma kalmar Turancin ba ta taɓa rubuta ta da hannunta ba, ta sa harafi ɗaya ba daidai ba. Kwamfuta kuwa ba malami ba ce da zai ce ai ya gane nufinki. Ta ɗago ta ce, "Haka anka yi ranar. Ban kai rabi ba lokaci ya ƙare." Ba ta gaya wa kowa ba, don kunya. Macen da ta koya wa ɗaruruwan yara baƙi da wasali ba ta son a ji cewa neman harafi ya kayar da ita.

Abin ya taɓa ni, domin don irinta aka kafa jami'ar. Shehu Shagari, ɗan jihar nan kuma tsohon malamin makaranta, shi ya sa hannu a dokarta a 1983. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita, shi kansa kuma ya yi karatu a cikinta bayan ya sauka daga mulki a 2007. Karatu daga nesa ma ba baƙo ba ne a Sakkwato. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru don matan da ba za su iya barin gidajensu ba: jagorarsu, wato jaji, ta zo ta ɗauki karatu, ta koma ƙauye ta zauna da mata ta biya musu. Abin da na fi lura da shi a tsarin nan shi ne jaji kawo karatu take yi, ba ta yi wa kowa karatunta.

Gyaran bai ci kuɗi mai yawa ba. Yaya ta canza lambar sirri da yatsanta. Aka sauke mata littattafan a waya, ta buga na kwasa-kwasan da suka fi ba ta wuya. Ta nemo malamai mata biyu 'yan unguwa da ke karatu a jami'ar, suka sa Asabar bayan la'asar, kowace da darasin da za ta biya wa sauran, a ƙarshe su yi rabin awa suna buga sababbin kalmomi a kwamfutar aro. Aikin gida kuwa ita ke yi, littafi a buɗe, ko zai ci mata dare biyu. A zango na gaba makinsa ya sauko zuwa 20 da 'yan kai, ta kuma tsallake duk abin da ta zauna, har da ukun da ta maimaita.

A ɗaya daga cikin zaman Asabar ɗin ne ta gano cewa abokan karatun nata biyu su ma sunayensu na cikin littafin mai bangon kwali. Washegari ta sa hijabinta ta raka su shagon. Ta gaishe da saurayin, ta biya shi kuɗin awa ɗaya, ta ce ya ba su kwamfuta ya koma gefe, in sun maƙale za su kira shi.