Ɗan Shekara Sha Biyar a Tsakiyar Teku

A watan Janairun 2024 wani jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Icon of the Seas ya fara ɗaukar fasinjoji daga birnin Miami na Amurka. Tsawonsa ya kai mita 365, hawansa 20, kuma idan ya cika maƙil yana ɗaukar mutum 7,600, ban da ma'aikata 2,350 masu tuƙi da girki da shara da gyaran shimfiɗa. Irin waɗannan jirage ba don kai mutum wani gari aka ƙera su ba. Mako guda sukan yi suna zaga tsibiran Karibiyan, yau a tsaya nan, gobe can, sannan a dawo da kowa inda aka ɗauko shi. A cikin makon akwai ranakun da ba a yada zango ko'ina. Daga fitowar rana har faɗuwarta, ruwa ne gaba, ruwa ne baya.

A irin wannan rana ake gane fasinjan da ya fi kowa wuyar sha'ani. Ƙaramin yaro, a ba shi kayan wasa da mai kula da shi, an gama. Dattijo, a ba shi kujera a inuwa da kofin shayi, sai godiya. Ɗan shekara 15 kuwa ya wuce a ajiye shi cikin yara, bai kuma kai a sake shi cikin manya ba. A ce ya zauna da iyayensa, sai ya ɗaure fuska ya duƙufa kan waya. A kai shi ɗakin wasan yara, a wurinsa an ci masa fuska ke nan. Ga shi babu ƙofar da zai fita ya tafi wurin abokansa, domin abokan suna can bayan teku.

Kamfanonin jiragen sun daɗe da gano cewa wannan yaron mai ɗaure fuska yana da ta cewa a kan aljihun ubansa. Idan ya dawo gida yana cewa zaman kurkuku ya yi, to baɗi iyalin ba za su sake biyan kuɗin jirgi ba. Kasuwar kuwa ba ƙarama ba ce: ƙungiyar kamfanonin, CLIA, ta ce mutum miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan tafiya a 2023. Saboda haka duk abin da za a lissafa a nan, kada mai karatu ya ɗauka tausayin yara ne ya kawo shi. Neman kasuwa ne, amma neman kasuwar da aka yi da lura.

Abin da ido ya fara gani shi ne kayan wasan da ke saman jirgi. Kamfanin Royal Caribbean ne ya buɗe wannan ƙofa a 1999 da jirgin Voyager of the Seas, wanda ya zo da bangon hawa da filin ƙanƙara na wasan zamiya. Daga nan aka shiga gasa. A 2014 Quantum of the Seas ya zo da ƙananan motocin karo da juna, da wani bututun gilashi da iska ke ɗaga mutum a ciki ya riƙa shawagi kamar wanda ya diro daga jirgin sama. A 2017 kamfanin Norwegian ya shimfiɗa titin tseren ƙananan motoci a kan rufin Norwegian Joy. A 2021 Carnival ya ɗora wa jirginsa Mardi Gras layin dogo na wasa mai hawa da gangara, wanda ke zagaya saman jirgin da mahayansa suna ihu. Shi kuwa Icon of the Seas bututun zamiyar ruwa shida gare shi, da wata siririyar hanya da ta leƙa waje daga gefen jirgin, mita 47 sama da teku. Ana ɗaure mutum da igiya ya bi ta, yana cikin tafiya sai dandamalin da ya taka ya buɗe, ya tsinci kansa yana reto a kan ruwa.

Wanda ya fi tara samari a cikinsu duka shi ne FlowRider, wanda aka fara sa wa jirgi a 2006 a kan Freedom of the Seas. Gangare ne mai laushi, famfuna suna turo ruwa samansa da ƙarfin gaske, sai mutum ya ɗora ƙafa kan allo ya yi ƙoƙarin tsayawa. Ma'aikaci yakan riƙe hannun sabon shiga, ya ja shi a hankali zuwa tsakiya, sannan ya saki. Daƙiƙa biyu, uku, ƙafa ta goce, ruwa ya kwashe shi ya watsa can sama, ya miƙe yana jan wando yana tari. An kuma jera kujerun 'yan kallo a gefe, da gangan. Faɗuwar ita ce rabin wasan, kuma yaron da ya faɗi aka yi masa dariya, ya koma layi, kafin a zo kansa karo na biyu ya riga ya san sunan na gabansa da na bayansa.

Sai dai duk waɗannan abubuwa na mintoci ne. A yi layin rabin awa, a yi wasan minti ɗaya. Wasu ma sai an biya kuɗi daban, wasu suna da ƙa'idar tsawo, wasu sai uba ko uwa sun sa hannu a takarda. Talla ce ke son su, domin suna kyau a hoto. Abin da ke riƙe matashi kwana bakwai wani ɗaki ne da ba kasafai ake nuna shi a talla ba.

Kusan kowane babban jirgi na iyali yana da ɗakin da aka keɓe wa masu tasowa, kuma an raba su da shekaru. Carnival yana da Circle C na 'yan 12 zuwa 14, da Club O2 na 'yan 15 zuwa 17. Norwegian ya haɗa 'yan 13 zuwa 17 a wurin da ya kira Entourage. Disney yana da Edge na 'yan 11 zuwa 14, da Vibe na 'yan 14 zuwa 17. Rabon yana da dalili, don tazarar da ke tsakanin ɗan 12 da ɗan 17 ta fi shekara biyar ɗin da ke kan takarda nisa. Abin da ke ciki ba wani abin mamaki ba ne: kujerun kishingiɗa, manyan talabijin da PlayStation, teburin tenis, wurin kiɗa da rawa, da kantar lemo marar barasa. A jirgin Disney Dream, wanda ya fara aiki a 2011, an kai Vibe can goshin jirgi, nesa da hayaniyar iyali, da farfajiyarsa ta shan iska, kuma ƙofarsa ba ta buɗuwa sai da katin wanda shekarunsa suka dace. Uwa da ta biya kuɗin tafiyar gaba ɗaya ba ta da ikon shiga, sai a lokacin da aka ware don iyaye su leƙa su gani.

Wannan hani shi ne ainihin kayan da ake sayarwa. Bahaushe ba baƙo ba ne ga dabarar. A gidan gargajiya, yaro in ya fara tasawa akan fitar da shi daga ɗakin uwarsa a ba shi ɗaki kusa da zaure, inda abokansa za su shigo su yi hirarsu ba tare da an sa musu ido ba, amma duk da haka yana cikin katangar gida, maigida yana jin shigarsa da fitarsa. Masu tsara jirgi abin da suka yi ke nan: sun ba yaro ƙofar da ta zama tasa, a cikin gidan da ba zai iya barinsa ba.

Akwai ma'aikata a ɗakin, galibi matasa ne su ma, waɗanda aikinsu shi ne su hana zaman kurame. Su ke shirya gasar ƙwallon kwando, da kacici-kacici, da rera waƙa a lasifika, da wasan da ake raba yara ƙungiya-ƙungiya a ba su jerin abubuwa su bazama cikin jirgi nema. Daren farko ya fi kowane muhimmanci. A daren ne ake taron sanin juna, kuma a daren ake ƙulla ƙungiyoyin da za su yi mako suna yawo tare. Yaron da kunya ko gajiya ta hana shi zuwa, ya bari sai rana ta uku, zai tarar kowa ya kama nasa. Iyayen da suka saba tafiyar sukan tilasta wa ɗansu wannan dare ɗaya, sauran kuma su ƙyale shi. A ganina sun yi daidai.

Abin dariyar shi ne, da zarar an saba, ɗakin kansa sai ya koma mahaɗa kawai. Nan za a taru, sannan a fice. Wanda ya zaga jirgi da ƙarfe sha ɗaya na dare zai gan su zaune a kan matakalar bene, su goma ko fiye, kowa da yankan fiza a farantin roba, ko sun yi cincirindo gaban injin askirim da ba a biyan ko sisi. An kashe miliyoyin daloli an ƙawata musu wuri, sun zaɓi matakala.

A nan ne ya kamata iyaye su buɗe kunne. Ɗakin ƙananan yara sai an sa hannu ake ajiye yaro, sai an sa hannu ake ɗaukarsa. Na masu tasowa ba haka yake ba: shiga da fita a hannun yaron suke, ba wanda zai tare shi, ba kuma wanda zai kira uwa ya ce ya fita. Uban da ya kwanta yana cewa ai yarinyata tana wurin ma'aikata, wataƙila tun awa biyu da suka wuce ta bar wurin. Ruwan da ya kewaye jirgi yakan yaudari iyaye su ga kamar babu inda yaro zai je. Gaskiya ne ba zai bar jirgi ba, amma jirgin gari ne mai dubban baƙi da dubban ɗakuna masu kulle.

A 2010 Amurka ta kafa dokar tsaron jiragen shaƙatawa, wadda ta wajabta cewa shingen gefen jirgi ya kai inci 42, a sa ramin leƙe a ƙofar kowane ɗaki, a kuma kai rahoton manyan laifuka ga hukumar FBI. Alƙaluman da ake wallafawa a ƙarƙashin dokar sun nuna cewa cin zarafi ta hanyar lalata shi ne laifin da aka fi kai rahotonsa, kuma a cikin waɗanda abin ya shafa akwai 'yan ƙasa da shekara 18. Idan aka gwada da miliyoyin da ke tafiya, adadin kaɗan ne. Amma ya isa ya sa uwa ta kafa sharaɗi tun kafin a hau: ba shiga ɗakin kowa, ba shigo da kowa ɗaki, ba karɓar abin sha daga hannun wanda ba a sani ba, kuma a haɗu a ci abincin dare tare kowace rana. Su ma kamfanonin suna da nasu. Royal Caribbean da Carnival sun hana 'yan ƙasa da 18 yawo su kaɗai bayan ƙarfe ɗaya na dare. Barasa a yawancin jiragen da ke tashi daga Amurka sai ɗan shekara 21. Hawa ko zama kan shingen jirgi don ɗaukar hoto, ko faɗa, na iya sa a sauke yaro da iyayensa a tasha ta gaba, su nemi kuɗin komawa gida da kansu.

Sai atisayen ceton rai, wanda yara ke ɗauka ɓata lokaci ne. Tun bayan kifewar jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsaurara cewa a yi shi tun a farkon tafiya. Ya fi shafar matashi fiye da kowa, saboda shi ne wanda ƙararrawa za ta fi samu nesa da iyayensa. Wurin taruwarsa yana rubuce a jikin katinsa. Ya kamata ya san shi, ya kuma san cewa can zai nufa kai tsaye, kada ya tsaya neman kowa.

Katin nan shi ne makullin ɗaki, shi ne shaida, shi ne kuma jakar kuɗi, don ba a ciniki da tsabar kuɗi a jirgi. Ɗakin injinan wasa da kati yake aiki, a goga a yi wasa, a goga a sake. Yaro ba ya ganin kuɗi na fita, sai ranar sauka uba ya karɓi lissafi ya riƙe baki. Ana iya zuwa teburin karɓar baƙi tun ranar farko a sa wa katin iyaka ko a rufe shi gaba ɗaya. Haka waya: idan aka bar ta a buɗe a tsakiyar teku takan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgi, mai tsadar gaske. Intanet ɗin jirgi ma saye ake yi, ko da yake ya yi sauri tun da Royal Caribbean ya koma intanet ɗin kamfanin Starlink a 2022, wasu kuma suka bi sahu. Da can rashin intanet ne ke korar yara daga ɗaki su fita neman abokai. Yanzu da aka gyara shi, ana iya kai yaro har Bahamas ya kwana bakwai yana kallon abin da zai kalla a gida.

Akwai kuma waɗanda tsarin ya bari a tsaka mai wuya, wato 'yan 18 zuwa 20. Ranar da yaro ya cika 18 ƙofar ɗakin matasa ta rufe masa, ko da ƙaninsa ɗan 17 yana ciki, wuraren manya kuma ba duka ke karɓarsa ba. Disney ya ɗan yi musu dabara da wani shiri mai suna 1820 Society.

Iyalin Musulmi da ke tunanin irin wannan tafiya suna da ƙarin abin dubawa. Ɗakunan nan maza da mata a haɗe suke, akwai kiɗa da rawa har dare, shigar bakin ruwa kuma irin ta Turawa ce. Abincin halal a yawancin jirage sai an nema tun kafin ranar tashi. Alƙibla ma tana sauyawa duk sa'ad da jirgi ya karkata, sai yaro ya koyi duba ta kafin kowace salla. A Disambar 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin, Aroya, wanda ya fara tashi daga Jidda yana zaga Bahar Maliya. Ba a sayar da barasa a cikinsa, abincinsa halal ne, akwai wuraren salla, kuma shi ma bai tsallake lissafin da sauran suka yi ba: ya ware wa yara da masu tasowa nasu wuraren.