Ina Gayaunar Yaron Jambutu?

A tsarin gandu na kakanninmu, yaro in ya tasa uba kan yanka masa 'yar gona tasa ta kansa, wadda ake kira gayauna. Da safe ya yi aikin gandu, da yamma ya nufi tasa, abin da ya noma kuma nasa ne. A nan yake koyon lissafi da asara tun uban na da rai.

To, yawancin magidantanmu na Jambutu da sauran unguwannin Garwa ba su da gandu a yau. Wani ɗan tireda ne, wani tela, wani ma'aikacin Sodecoton, kamfanin audugar da aka kafa a 1974. Yaro kuwa yana lise, yana karatu da Faransanci, yana hira da Fulatanci, sai ya shigo gida ya ji Hausa. Uban da ba ya zama da shi, labarinsa sai dai ya ji a bakin maƙwabta.

Dokar Kamaru ma hawa-hawa take sakin yaro. Dokar ƙwadago ta 1992 ta hana ɗaukarsa aiki ko koyon sana'a kafin shekara 14. Katin ɗan ƙasa sai ya kai 18, jefa ƙuri'a kuwa sai 20. Uba na iya bin wannan sawu. A lokacin hutu ya bar wa ɗan shekara 14 shago na yini guda, da dare su yi lissafi tare. Wanda ya ci jarrabawar BEPC a ba shi ɗan jari, in ya karye a tambaye shi dalili kafin a yi faɗa. 'Ya mace ma tana da haƙƙin wannan horo, ko ta riƙe kuɗin cefanen mako, ko ta koyi ɗinki ba tare da ta bar aji ba.

Haɗarin sakaci a fili yake. Saurayin da aka hana komai a gida, wata rana zai karɓi babur ɗin haya a hannun wanda bai damu da shi ba, kuma ƙwayar tiramol ba ta da wuyar samu.

Tun 2022 Garwa ta sami jami'arta, amma da yawa za su tafi Ngaundere, Marwa ko Yawunde, inda babu mai tashinsu da asuba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye maza, a yanka wa yara gayaunarsu tun suna gabanmu.