Ina Katan Goma Sha Biyu Suka Shiga?

Ga wani kacici-kacici, mai karatu: yaya kwamfuta ɗaya za ta faɗi gaskiya a takarda, amma ta yi ƙarya a fuskarta?

Wani ɗan kasuwa mai sarin ganyen shayin Mambila a babbar kasuwar Jalingo ne ya aiko a kira ni da la'asar. Na tarar da yaron shagonsa a rakuɓe, ido ya yi ja.

"Malam, duba nan," in ji Alhaji. "Kwamfuta ta ce saura katan 40. Na ƙirga da hannuna, 28 ne. Ina 12?"

Zargin farko ya faɗa kan yaron. Sai dai rasiɗan ranar sun wanke shi tas, domin an sayar da katan 12, kuɗinsu kuma na cikin durowa. To, wa ya yi ƙaryar?

Alhaji ya ce ai ɗauke wuta ne, lokacin da aka koma kan janareta. Na leƙa rumbun bayanai, 28 ce zaune daram. Wuta ta fita daga zargi.

Ko ƙwayar cuta ce ta shiga? Na bincika. Babu.

Sai na rufe manhajar, na sake buɗewa. Ga 28! Na gwada sayar da katan ɗaya. Rasiɗi ya fito. Lambar ba ta motsa ba.

An gina manhajar ne da WPF, fasahar da Microsoft ya fitar a 2006. A cikinta ana ɗaure kowane akwatin da ke fuskar kwamfuta da wani bayani da ke can ciki. Akwatin yakan karanta bayanin sa'ad da aka buɗe shi, daga nan sai ya zauna jiran kira. Idan bayanin ya sauya, dole manhajar ta yi shela ta hanyar INotifyPropertyChanged, ta ambaci sunan abin da ya sauya.

Na ɗauka an manta shelar ne. Na duba. Tana nan. Ana yin ta a kan kari.

Na matso da kujera. Na bi sunan harafi bayan harafi.

Ashe!

Akwatin yana jiran a kira "Jimilla". Mai shela kuwa "Jimla" yake ta kira. A kunnen Bahaushe kalma ɗaya ce, amma a wurin na'ura sunaye biyu ne da ba su san juna ba. Wanda ya sabunta manhajar ya gyara sunan a ko'ina, sai wuri ɗaya tak da aka rubuta shi da hannu tsakanin alamun zance. Kamar sanƙira ne ya shiga gidan biki yana ta kiran sunan da babu mai shi, kowa ya yi shiru. WPF kuma ba ya ƙorafi a kan irin wannan kira, shi ya sa babu gargaɗin da ya fito.

Na maye gurbin rubutun da nameof, wanda ya zo da C# 6 a 2015, don duk ranar da suna ya saɓa, manhajar ta ƙi haɗuwa tun a hannun mai gini.

"Alhaji, a sake gwadawa."

Lambar ta sauka nan take. Alhaji ya juya ya ce wa yaron, "Yi haƙuri, ɗana."

Masu gina manhaja, ku riƙa tantance sunan da kuke kira. Harafi biyu sun kusa ɓata sunan yaro mai amana.