Kama Da Wane Ba Ta Wane: Kuturta Da Lishmaniya A Fata Ɗaya

A ɗauka ga wani saurayi a karkarar Kunchi ko Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, gidaje kuma ke tsakiyar gero da dawa. Bayan kaka sai ƙurji ya fito masa a dantse, ya fashe ya zama gyambo, har wata uku bai warke ba. Nan da nan raɗe-raɗi zai bazu cewa kuturta ce, a ware masa kwanon abinci, wataƙila ma maganar aurensa ta tsaya. Alhali kuwa akwai wata cuta daban mai shigen kama da kuturta, sunanta lishmaniya, kuma su biyun suna iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya.

Ita kuturta, bakteriya ce ke haddasa ta, mai suna Mycobacterium leprae, wadda likita Armauer Hansen ya gano a ƙasar Norway a 1873. Ba gadonta ake yi ba. Tana yaɗuwa ne ta ɗigon danshin hanci da baki, bayan doguwar cuɗanya da majinyacin da bai fara shan magani ba. Takan ɗauki kimanin shekara 5, wani lokaci har 20, kafin ta bayyana. Babbar ɓarnarta a jijiyoyin ji take, shi ya sa mai ita kan ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba.

Lishmaniyar fata kuwa, a Afirka ta Yamma, ƙwayar halitta ce mai suna Leishmania major ke kawo ta. Mai ɗauko ta wani ɗan mitsitsin ƙuda ne, ƙudan rairayi, wanda tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Macen ce ke cizo, daga magariba zuwa asuba, kuma maɓoyarta ramukan ɓerayen gona da suri da tsagar bango. Tun a 1911 likitocin Faransa suka ba da labarin cutar a Damagaram.

To me ya haɗa su? Akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makurofaj, waɗanda aikinsu haɗiye baƙin ƙwayoyi. Cututtukan nan biyu a cikin waɗannan dakarun suke ɓuya su hayayyafa. In garkuwa ta yi ƙarfi, sai a ga tabo ɗaya ko biyu kurum. In ta yi rauni, sai ƙulluttai su bazu a fuska da kunnuwa. A Habasha an sha ɗaukar irin wannan lishmaniya mai bazuwa a matsayin kuturta, kuma likitoci a Habasha da Barazil da Indiya sun tarar da majinyata masu ɗauke da duka biyun. Ke nan gano ɗaya bai kore ɗayar ba.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Sai majinyaci ya rufe ido, ma'aikacin lafiya ya shafa auduga a kan tabon. In bai ji ba, alamar kuturta ce. Sa'an nan a kankaro ɗan ruwan fata a duba da madubin likita. Rinin Ziehl-Neelsen yana nuna bakteriyar kuturta jajaye kamar gutsattsarin tsinke, rinin Giemsa kuma yana fito da ƙwayoyin lishmaniya.

Maganinsu ma ya bambanta. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa rifampicin da dapsone da clofazimine domin kuturta, ana sha wata 6 ko 12, kuma kyauta ne tun 1995. Gyambon lishmaniya sau da yawa yakan warke da kansa cikin watanni ya bar tabo, mai taurin kai kuwa sai da nasa magani. Haɗarin shi ne a zauna jiran kuturta ta warke da kanta, domin jijiyar da ta mutu ba ta dawowa.

Nijeriya ta cimma mizanin ƙasa da majinyaci 1 cikin mutum 10,000 a 1998, amma har yanzu ana samun sababbin masu kamuwa. Saboda haka, malamai da ɗalibai, duk tabon da ba ya jin taɓi, ko gyambon da ya haura wata guda, a garzaya da mai shi asibiti mafi kusa, ko asibitin Yadakunya da ya daɗe da ƙwarewa kan kuturta. Ido ba mudu ba ne, a bar gwaji ya yanke hukunci.