Me Ya Sa Rahotonmu Ya Ƙi Buɗuwa a Waya?



Kwanaki ni da abokan aikina muka tattara bayanan ayyukan mazaɓu, su rijiyoyin burtsatse da azuzuwa, a fayil ɗin XML guda ɗaya, muka ɗora a intanet don kowa ya duba na garinsu. A kwamfutata da kyar ya buɗe. A wayoyin mutane kuwa, ko motsi.

Ga dalilin. XSLT, wato harshen da ke juya XML ya koma shafin karatu, ya fito ne a 1999. Al'adarsa sai ya kwashe fayil gaba ɗaya ya zuba a ƙwaƙwalwar na'ura kafin ya nuna ko layi ɗaya. A can ciki kuma fayil ɗin kumbura yake, ya ninka girmansa. To wayar da RAM ɗinta gigabait 2 ne, ina za ta iya? A 2017 XSLT 3.0 ya kawo karanta fayil kaɗan-kaɗan, amma burauza irin su Chrome a 1.0 suka tsaya.

Sai muka mayar da aikin kan saba, ta raba bayanan, kowace ƙaramar hukuma da shafinta. Yanzu mutum na garinsu kaɗai yake saukewa, datarsa ba ta zurare ba.

'Yan uwa matasa, kafin ku sanar da rahoto, ku fara gwada shi a ƙaramar wayar da ke gidanku.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.