Chitti na biyu da gardamar ƙarfen sabis: abin da ya kamata ku sani

A majalisun cikin birnin Kano, daga Jakara zuwa Mandawari, daga Yakasai zuwa gindin Dala, fim ɗin Indiya ba ya ƙarewa ranar da aka kalle shi. Sai an kwana biyu ana juya shi a kan dakali da teburin mai shayi. Fim ɗin 2.0, wanda yawancinmu ke kira Chitti na biyu, ya fito tun ranar 29 ga Nuwamba, 2018, amma har yau in aka tayar da zancensa sai majalisa ta rabu. Wannan ya ce na ɗaya ya fi. Wancan ya ce bai taɓa ganin siddabaru irin na biyun ba. Wani kuma ya tashi da magana mai nauyi a ransa, cewa ashe ƙarfen sabis ne ya ƙarar mana da tsuntsaye. Maganganu biyun farko son rai ne, kowa da nasa. Ta ukun ce take buƙatar a zauna a kanta.

Na ɗayan, wato Enthiran, ya fito a 2010, kuma darakta S. Shankar ne ya shirya duka biyun da harshen Tamil na kudancin Indiya. Rajinikanth ya fito a matsayin mutum biyu: Dakta Vaseegaran masanin kimiyya, da Chitti, mutum-mutumin da ya ƙera da kamanninsa. Da aka sa wa Chitti zuciya irin ta ɗan Adam, sai ya kamu da son Sana, budurwar ubangidansa, wadda Aishwarya Rai ta fito a matsayinta. Kishi ya shiga, ubangida ya sassare shi da gatari ya yar a juji, wani maƙiyi ya tsince shi ya sa masa jan maɓalli, ya tashi mugu. Mai kallon Kano ya san wannan hanya tun kafin a zo da mutum-mutumi, domin soyayyar mutum uku da yaron gida mai cin amanar ubangida su ne tuwon finafinanmu. Mutane da yawa sun manta faɗan ƙarshe, amma ba su manta inda Chitti ya bi sauron da ya ciji Sana har makwancinsa, ya yi musu da sauraye, ya kamo mai laifin ya kawo shi ya ba ta haƙuri ba.

Na biyun bai zo da wannan ba. Aishwarya Rai ba ta fito ba, muryar Sana kawai ake ji ta waya. Waƙoƙin A. R. Rahman kaɗan ne, babbar waƙar rawa ma sai da labari ya ƙare aka sako ta. A madadin haka aka kawo wayoyin mutanen birnin Chennai suna fizgewa daga hannu suna tashi sama, suna haɗuwa su zama ƙaton tsuntsu mai kisa. Wanda ya zauna don soyayya da barkwanci dole ya ji an rage masa daɗi. Wanda ya zo don faɗa da abin mamaki kuwa ya samu har ya ture.

Akwai kuma yadda muke kallo. An ɗauki 2.0 da kyamarar 3D, don ƙaton allo da tabarau na musamman, kuma yana cikin finafinai mafi tsada da Indiya ta yi a lokacin. Cikin birni ba shi da irin wannan allo. Silimar Palace da aka buɗe a Jakara a 1952, kusa da kasuwar Kurmi, ta sha tsana tun ranar farko, har Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya mai da ita asibiti a 1983. Iyayenmu da ke son Indiya sai sun fita Orion a Ƙofar Wambai ko Plaza a Fagge. Yau kuwa saurayi yana miƙa wa mai tura finafinai waya ko memori, a zuba masa Indiya fassara, irin aikin da Algaita ta yi suna a kai, ya koma soro su haɗa kai su huɗu a kan allon da bai kai tafin hannu ba. A nan muryar mai fassara da salon zancensa su ne rabin daɗin. Tsuntsun da aka tsara ya rufe sararin sama ba zai tsorata kowa a irin wannan allo ba, amma hira da barkwanci ba sa raguwa. Ina ganin wannan na cikin dalilan da na ɗaya ke cin zaɓe a wurinmu.

Sai bos ɗin fim, Pakshi Rajan, wanda Akshay Kumar ya fito a matsayinsa. Tsoho ne masanin tsuntsaye, an ɗauko siffarsa daga Salim Ali, fitaccen masanin tsuntsayen Indiya da ya rasu a 1987, ko da yake labarin ƙirƙira ne. Ya bi kamfanoni, ya bi minista, ya je kotu, yana roƙon a rage ƙarfin sabis, aka wulaƙanta shi. Ya rataye kansa a jikin ƙarfe, kurwarsa ta dawo ɗaukar fansa. Fim ɗin ya yi ƙoƙarin lulluɓe wannan da kalmomin kimiyya, mai kallo a nan kuwa fatalwa ya gani. Da yawa sun tausaya masa fiye da jarumin, musamman masu kiwon tattabaru, duk da cewa kisan kai da ya yi bai kwanta wa Musulmi a rai ba. Tausayin nan ne ya sa saƙon ya shige ba tare da an tace shi ba.

Ga gaskiyar magana. Babu tabbatacciyar hujjar kimiyya da ta nuna cewa sabis ɗin waya, a ƙarfin da doka ta yarda da shi, yana zubo da tsuntsaye matattu ko yana sa wa mutane cuta. Abin da ke fita daga ƙarfen dangin igiyar rediyo ne, wadda muka daɗe muna rayuwa da ita kafin GSM ya shigo Najeriya a 2001. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ga gamsasshiyar shaidar cutarwa daga waɗannan ƙarafa ba. A Indiya ma, tun kafin fim ɗin ya fito, ƙungiyar kamfanonin waya ta COAI ta kai ƙara hukumar tace finafinai cewa yana yaɗa tsoro mara tushe. Za ku iya cewa ai su masu kasuwa ne, kuma haka ne, amma binciken masana bai ƙaryata su ba. Irin wannan tsoro ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. A 2020 mun ga yadda jita-jitar cewa 5G ne ke kawo korona ta zagaye WhatsApp, har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta musanta.

Amma tsuntsayen sun ragu, wannan ba ƙarya ba ne, kuma a nan nake jin ciwon abin. Dattawan birni sun san lokacin da ungulu ke cika mahauta da kan rimi. Yau yaro zai girma a Kano bai ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka sani cikin halittun da ke dab da ƙarewa, kuma manyan dalilan a Afirka ta Yamma su ne guba da farautarsu don sayar da sassan jikinsu ga masu magani da tsibbu. A Indiya, inda aka yi fim ɗin, fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu sun mutu saboda diclofenac, maganin ciwo da ake yi wa shanu allura, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ya ci mushen. Sai a 2006 aka hana amfani da shi ga dabbobi. A cikin birni kuma kowa shaida ne: an sare itatuwa, an cike kududdufai an yi gini, an zaftare ganuwa, siminti da kwano sun maye gurbin katangar ƙasa mai ramukan da tsuntsu ke sheƙa.

Wanda ƙarfen sabis ke maƙwabtaka da shi a lungu yana da koke na gaskiya, sai dai ba irin na fim ba ne. Ƙarar janareta ce dare da rana, da hayaƙi, da man dizal da ke tsiyaya kusa da rijiya, da fargabar iska ta kayar da ƙarfe a kan rufin mutane. NCC da hukumar kare muhalli ta NESREA duk suna da ƙa'idar tazarar da za a bari tsakanin ƙarfe da gidan zama, kuma mai unguwa ko maƙwabci na da ikon kai musu ƙara a rubuce idan aka saɓa ta.