Hayaƙin Wane Ne: Mai Ƙonawa Ko Mai Saye?

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Tungan Maje, cikin yankin Gwagwalada, zai ga manyan motoci ɗauke da siminti sun fito daga wajen Lokoja, sun nufi Zuba da birnin Abuja. Da yawa daga cikinsu daga masana'antar Obajana ta Jihar Kogi suke. A can ake toya dutsen farar ƙasa, kuma kowane tan ɗaya na toyayyen dutsen yana sakin kimanin rabin tan na iskar kabon, watau iskar da ke ƙara wa duniya zafi. Wannan ban da hayaƙin makamashin da aka yi toyin da shi.

To, a kan wa za a rubuta wannan hayaƙi? Masana suna da hanya biyu ta lissafi. Ta farko tana ɗora shi a kan wurin da ya tashi, watau Kogi. Ta biyu kuwa tana bin kayan har inda aka yi amfani da su, sai ta ɗora shi a kan mai ginin bene a Maitama ko Asokoro. Idan aka bi ta biyun, sai a ga Abuja, wadda ba ta da manyan masana'antu, nauyinta ya ƙaru ƙwarai, domin tun da aka ƙago ta cikin 1976 ba a daina gini ba.

Haka batun gawayi yake. A ƙauye ake sare itace a rufe shi da ƙasa a ƙona, amma buhunan a gari suke ƙarewa, wurin masu gashi da masu sayar da abinci. Mai ƙonawa ake kira mai ɓarnar daji, alhali kuwa don mai saye ya yi. Ƙasar Sin ma ta ga irin wannan: lardunan cikin ƙasa suna ƙona kwal, biranen bakin teku suna morar wuta da ƙarfe.

Cikin 2021 Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi, ta kuma yi alkawari a Gilasgo cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba. In za a raba wa yankuna aikin ragewa, lalle ne a fara sanin inda siminti da gawayi suke sauka, don kada a ɗora wa manomin Tungan Maje kayan da ba shi ya ɗaura ba.